Lokacin da Faransa ta maida mako kwana goma

Yau za mu leƙa Faransa ta shekarar 1793, lokacin da masu juyin juya hali suka sare kan sarki Luwi na 16, kuma suka ce kalandar da ake amfani da ita ma ta sarakuna ce da coci, don haka sai ta tafi.

Wani masanin lissafi, Gilbert Romme, shi ya jagoranci kwamitin da ya tsara sabuwar, majalisa ta amince a watan Oktoba 1793. Aka koma baya aka ce shekara ta ɗaya ta fara ran 22 ga Satumba 1792, ranar da aka kafa jamhuriya. Wata 12 ne, kowane kwana 30 cif, 360 kenan, sai a ƙara kwana 5 na bukukuwa a ƙarshen shekara. Mawaƙi Fabre d'Églantine ya raɗa wa watannin suna daga yanayi: Brumaire watan hazo, Nivôse watan ƙanƙara, Germinal watan tsiro, Thermidor watan zafi. Sunayen sun yi daɗi, amma yanayin Faransa kawai suka duba. Wanda ke zaune a ƙasar zafi, me zai yi da watan ƙanƙara?

To, inda gizo ke saƙa shi ne ɗan guntun da ke saura. Duniya na gama zagaya rana ne cikin kwana 365 da awa 5 da minti 48 da ƴan daƙiƙu. Kalandar da muke aiki da ita a lakwal da ma'aikatu, wadda Paparoma Gregory na 13 ya gyara a 1582, tana ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu, sai shekarun cikon ɗari waɗanda 400 ba ta raba su daidai. Shi ya sa 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba. Masu juyin suka ce su ba za su bi dokar paparoma ba, sama za su bi. Sabuwar shekara za ta fara ne a ranar Satumba da dare da rana ke daidaita tsawo, bisa lissafin gidan binciken taurari na Paris. In tazarar ta kai kwana 366, sai a ƙara kwana na shida a bukukuwan.

Amma a cikin dokar guda kuma aka rubuta cewa ƙarin zai riƙa zuwa duk shekara huɗu. Maganganun biyu ba sa tafiya tare. Da farko abin bai fito fili ba: shekara ta 3, ta 7 da ta 11 duk sun samu ƙarin, ta 15 ma haka za ta samu. Daga nan sai ta 20, tazarar shekara biyar kenan. Masanin taurari Delambre ya ƙara nuna wata matsala: akwai shekarar da daidaituwar za ta faɗo dab da tsakar dare, har ba wanda zai iya cewa tun yanzu ko yau ce sabuwar shekara ko gobe. Mai bada bashi ko mai hayar gona fa, da wace rana zai rubuta takarda?

Romme da kansa ya kawo gyara a 1795: a koma ƙari duk shekara huɗu, a tsallake shekarun ɗari in ba 400 ta raba su ba, a kuma tsallake ta 4000. Wato kusan dokar paparoman da suka guda. Bai ga ƙarshen zancen ba. An kama shi bayan boren talakawan Paris na watan Mayu, aka yanke masa hukuncin kisa, ya soka wa kansa wuƙa a watan Yuni. Gyaran ya bi shi. Shi ma mai raɗa sunayen tun Afrilu 1794 aka sare kansa.

A ganina dai talaka bai damu da wannan lissafin ba, abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya shi ne mako. An raba wata gida uku, kwana goma-goma, hutu sau ɗaya. Ma'aikacin da ya saba hutawa kwana 52 a shekara ya koma 36, ban da bukukuwan ƙarshe. A 1798 gwamnati ta tilasta a daidaita ranakun kasuwa da sabon makon, ɗaurin aure kuma sai ranar goma. Ku ɗauka a wayi gari a ce kasuwar Damagaram ba ta ci ran Alhamis, domin Alhamis ɗin ma babu ita. Mutanen karkara da yawa suka yi kunnen uwar shegu, suka ci gaba da Lahadinsu.

Napoleon, wanda ya ƙwaci mulki ran 18 ga Brumaire shekara ta 8, wato 9 ga Nuwamba 1799, ya sasanta da coci a 1801, ya maido wa ma'aikata hutun Lahadi a 1802. Ranar 10 ga Nivôse shekara ta 14 ita ce ta ƙarshe, washegari aka tashi a 1 ga Janairu 1806. Ƴan tawayen Paris sun ɗan farfaɗo da ita a 1871, na ƴan kwanaki. Mita da kilo da lita, waɗanda zamanin nan ne ya haife su, su ne suka rayu har suka iso kasuwanninmu.