Daga Peugeot 504 zuwa 'Yar Kwatano: Tarihin Tafiya a kan Silinda Uku

A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ba a jima ba 504 ta mamaye hanyoyin karkarar Kano, har da wadda ta haɗa Rano da Kibiya. Injinta mai silinda huɗu ne da kafireto. Idan filogi ɗaya ya daina kawo wuta, mota ta kama rawa tana tari, direba kan lallaɓa ta a kan uku har ya sauke fasinja da buhunan hatsi. Ko a wancan zamanin akwai ɓarna: ɗanyen fetur yana wanke mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya cinye. Sai dai ɓarna ce mai tafiyar hawainiya, kayan gyara kuma ba sa wuyar samu.

Shigowar motoci 'yan Kwatano ta sauya lissafi. An ƙera su ne domin Turai da Amurka, da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba, can yake zuwa ya ƙone. Zafi ya narkar da matatar, ta toshe, injin ya shaƙe. Saboda haka ne tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke ƙyafta fitilar gargaɗi idan fashin wutar ya tsananta.

Direbobi da yawa kuwa dabarar 504 suka gada. A gareji ma, abin takaici, sau tari indomin ake cirewa a sayar, a bar mataccen filogi inda yake.