2,147,483,647

2,147,483,647 (biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai) lamba ce ta firam, wato babu lambar da ke raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. Ana rubuta ta a taƙaice 2³¹ − 1: a jera 2 guda 31, a ninka su da juna, sannan a ɗebe 1.

Rukuninta

Ita ce ta takwas a jerin lambobin firam na Mersenne, masu siffar 2ᵖ − 1, waɗanda aka sa wa sunan Marin Mersenne, malamin addinin Kirista ɗan Faransa. Kafin a kai ga 31, lambobin p da ke ba da firam su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17 da 19. Kasancewar p firam bai wadatar ba, domin 2¹¹ − 1 tana ba da 2047, wadda take daidai da 23 × 89.

Da yake 31 ita ma lambar Mersenne ce (2⁵ − 1), ana sanya 2,147,483,647 cikin lambobin Mersenne masu ninki biyu. Huɗu kaɗai aka sani a wannan rukuni da suke firam, ita ce ta uku, bayan 7 da 127. Idan aka ninka ta da 2³⁰ ana samun 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas, wato lambar da jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, take daidai da ita.

Tarihi

Mersenne ya ambace ta a jerinsa na 1644, amma bai kawo hujja ba. Leonhard Euler ne ya tabbatar da ita a 1772, cikin wasiƙar da ya aika wa Bernoulli. Ya nuna cewa duk lambar firam da za ta raba ta dole ta bar saura 1 ko 63 idan aka raba ta da 248. Da wannan sai gwajin ya ragu zuwa 'yan ɗaruruwan lambobi da ke ƙasa da 46,341, kuma babu wadda ta raba ta.

A kwamfuta

A tsarin ƙidaya na sifili da ɗaya, lambar jerin 1 ce guda 31. Saboda haka ita ce mafi girman lambar da ma'ajiya mai bit 32 ke ɗauka idan an ware bit ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Tsofaffin na'urorin Unix suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970, kuma ƙirgen zai kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 03:14:07 agogon UTC. Na'urar da ba a mayar da ita bit 64 ba na iya ɗaukar daƙiƙa ta gaba a matsayin Disamba, 1901. Wannan ake kira matsalar shekarar 2038.