Asusun TETFund: Asalinsa, Yadda Yake Raba Kuɗi, da Matsayinsa a Koyarwa da Bincike a Manyan Makarantun Najeriya

Da wuya mutum ya ratsa harabar wata jami'ar gwamnati a Najeriya, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin ilimi, ba tare da ya ci karo da ginin da ke ɗauke da sunan TETFund ba: zauren lacca, ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje, ko ofisoshin malamai. A wasu makarantun jihohi, in aka cire gine-ginen da asusun ya yi, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. TETFund shi ne Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, hukumar Gwamnatin Tarayya da ke karɓar wani kaso na harajin kamfanoni tana raba wa manyan makarantun gwamnati domin inganta koyarwa da bincike. Hedikwatarsa tana Abuja, kuma yana ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya.

Asalin asusun

Jami'o'in Najeriya na farko sun taso ne cikin wadata. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta biyo baya a 1960, sannan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da jami'o'in Ife da Legas a 1962. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa da yawa, gwamnatin soja ta ƙara wasu guda bakwai, ciki har da na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos. Amma da farashin mai ya karye a shekarun 1980, aka kuma shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai darajar naira ta zube. Ɗakunan karatu suka daina sayen sababbin littattafai da mujallun ilimi daga ƙasashen waje, na'urorin gwaje-gwaje suka lalace babu gyara, manyan malamai da dama kuma suka tafi Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa.

A wannan yanayi ne Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, wato ASUU, a ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, ta shiga yajin aiki a 1992. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ce ba ta da kuɗin biyan buƙatun malaman, ƙungiyar ta kawo shawarar a ɗora wa kamfanoni haraji na musamman domin ilimi, tunda su ne ke ɗibar ma'aikatan da makarantun suka horar. Shawarar ta shiga yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka ƙulla a wannan shekara, kuma a 1993 aka kafa Dokar Soja mai lamba 7, wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke da rajista a Najeriya biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Shi ya sa har yau ASUU take kallon asusun a matsayin ɗan da ta haifa, take kuma tayar da jijiyar wuya duk lokacin da ta ga ana neman taɓa shi.

A shekarun farko, ana raba kuɗin ne tsakanin dukkan matakan ilimi: rabi ga manyan makarantu, sauran kuma ga firamare da sakandare. Sai dai kuɗin ya riƙa watsuwa a ƙananan ayyuka barkatai, har tasirinsa ya yi wuyar gani. Bayan an kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC a 2004 domin kula da matakin farko, hujjar ci gaba da raba kuɗin gida uku ta yi rauni. A 2011 aka soke tsohuwar doka aka kafa sabuwa, wadda ta ba asusun sunan da aka san shi da shi yanzu, ta kuma taƙaita aikinsa ga manyan makarantu kaɗai. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗaga harajin zuwa kashi 2.5, ta 2023 kuma ta kai shi kashi 3.

Yadda ake raba kuɗin

Hukumar tara haraji ta tarayya ce ke karɓar kuɗin daga kamfanoni, kwamitin amintattu na asusun ya tsara rabon, Shugaban Ƙasa kuma ya amince kafin a fitar. Doka ta tanadi cewa jami'o'i su samu kashi biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha kashi ɗaya, kwalejojin ilimi ma kashi ɗaya. A rabon shekara-shekara, kowace makaranta tana samun daidai da takwararta, ko ta tarayya ce ko ta jiha, tsohuwa ce ko sabuwa. A 2024, alal misali, an amince da fitar da kimanin naira biliyan 683, inda kowace jami'a ta samu kusan naira biliyan 1.9, kowace kwalejin ilimi kusan biliyan 1.4, kowace kwalejin kimiyya da fasaha kuma kusan biliyan 1.17.

Wannan daidaito yana da kyau ta fuskar adalci tsakanin sassan ƙasa, amma ya haifar da wata matsala. Tunda kowace sabuwar makarantar gwamnati za ta iya shiga jerin masu cin gajiyar asusun, an daɗe ana zargin wasu gwamnoni da kafa jami'o'in da ba su da halin ɗaukar nauyinsu, suna dogaro da TETFund ya gina musu. Kowace sabuwar makaranta kuma tana rage rabon waɗanda suka riga ta. A watan Agusta na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekaru bakwai, amma wannan mataki bai shafi ikon jihohi na kafa nasu ba.

Asusun ba ya biyan albashi, ba ya kuma ɗaukar nauyin hidimomin yau da kullum irin su wutar lantarki da ruwa. Makaranta ce ke gabatar da aikin da take son yi, a tantance shi, a biya ta kashi-kashi gwargwadon yadda aikin ke tafiya. Wadda ta kasa ba da bayanin yadda ta kashe kuɗin baya, sai rabonta na gaba ya maƙale. Jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba lasisi a 1999, ba sa cikin masu amfana. Masu su sun sha kokawa da cewa ɗalibansu ma 'yan Najeriya ne, ASUU kuwa ta tsaya kan cewa dukiyar jama'a ba ta 'yan kasuwa ba ce.

Horar da malamai

Gine-gine su ne ido ke gani, amma aikin da ya fi taɓa ingancin koyarwa shi ne tura malamai ƙaro ilimi. An fara wannan shiri a 2008, lokacin da Farfesa Mahmood Yakubu ke shugabancin asusun, kuma dubban malamai sun samu digiri na biyu da digirin digirgir ta hanyarsa, a gida da waje. Girman buƙatar ya fito fili a 2012, sa'ad da kwamitin da gwamnati ta kafa domin duba halin da jami'o'inta ke ciki, wanda shi Farfesa Yakubu ya jagoranta, ya gano cewa masu digirin digirgir ba su kai rabin malaman jami'o'in ba. Sashen da ba shi da isassun masu wannan digiri ba zai iya duba binciken ɗaliban manyan digirori ba, don haka ba zai iya haifar da malaman da za su gaje shi ba.

Shirin ya gamu da cikas biyu. Faɗuwar naira ta sa kuɗin da aka ware wa malami a Ingila ko Malesiya ya kan kasa kafin ya kammala karatu. Wasu kuma da suka kammala sun ƙi dawowa su yi aikin da suka sa hannu za su yi. Saboda waɗannan dalilai asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga watan Janairu na 2025, ya mayar da hankali ga horar da su a jami'o'in cikin gida.

Bincike

Akwai manyan ƙofofi biyu na neman kuɗin bincike a asusun. Ta farko ita ce tallafin da ake bayarwa ta hannun makarantar da malami yake, wanda shekaru da dama bai wuce naira miliyan biyu ga kowane bincike ba. An yi shi ne domin ƙananan malamai su koyi tsara bincike da rubuta sakamakonsa. Ta biyu ita ce Asusun Bincike na Ƙasa, inda masana daga ko'ina suke gasa. Ana fara gabatar da taƙaitaccen bayani, waɗanda suka tsallake su rubuto cikakken tsari, sannan su kare shi a gaban kwamitin masana. An kasa fannonin gida uku: kimiyya da injiniyanci da fasaha, ilimin ɗan Adam da zamantakewa, sai kuma batutuwan da suka haɗa fannoni da yawa. A zamanin Farfesa Suleiman Elias Bogoro an ɗaga kuɗin wannan asusu daga naira biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 7.5 a 2020, sannan biliyan 8.5 a 2021. A 2020 kuma aka zaɓi jami'o'i 12, biyu daga kowace shiyya, domin kafa cibiyoyin ƙwarewa a fannoni daban-daban.

Idan aka kwatanta waɗannan kuɗaɗe da yawan malaman ƙasar, ba su da yawa. Tarayyar Afirka ta daɗe da neman ƙasashenta su riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na ƙarfin tattalin arzikinsu a kan bincike, Najeriya kuwa tana ƙasa da haka nesa. Amma ƙarancin kuɗi ba shi kaɗai ba ne. Shugabannin asusun sun sha kokawa da cewa da yawa daga cikin tsare-tsaren binciken da ake turo musu ba su cika ƙa'ida ba, abin da ya sa suka riƙa shirya tarurrukan koyar da rubuta su. Tsarin ƙarin girma a jami'o'i ma yana da nasa laifin, domin ya fi ƙidaya yawan takardun da malami ya wallafa fiye da abin da binciken ya warware. Ga kuma yajin aiki: na 2020 ya ɗauki watanni tara, na 2022 watanni takwas. Malami zai iya cinye darussan da aka rasa cikin gaggawa bayan an dawo, amma gwajin da ake yi a gona ko a ɗakin gwaje-gwaje, in ya katse, sau da yawa sai an koma farko.

Abin lura shi ne, wasu daga cikin binciken da suka fi fito da sunan Najeriya a shekarun nan sun samu ƙarfinsu ne daga wasu hanyoyin. Cibiyar nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, wadda Farfesa Christian Happi ke jagoranta, ita ce ta fara tantance tsarin ƙwayar cutar korona a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020. Jami'ar mai zaman kanta ce, cibiyar kuma tana cikin waɗanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, shirin da Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ma ta amfana da shi. Haka nan irin waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, an shafe kimanin shekaru goma ana aikinsa tare da abokan hulɗa na ƙasashen waje. Irin wannan bincike yana buƙatar kuɗin da za su ɗore shekaru masu yawa, ba tallafin da zai ƙare cikin shekara biyu ba.

Sabuwar dokar haraji

A ƙarshen 2024 makomar asusun ta shiga cikin shakku. Ƙudurin gyaran haraji da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ya tanadi haɗe harajin ilimi da wasu haraje-haraje su zama harajin raya ƙasa guda ɗaya, kuma a cikinsa rabon TETFund zai ƙare kwata-kwata daga 2030, a mayar da kuɗin ga asusun ba ɗalibai rance na NELFUND. ASUU da sauran ƙungiyoyin malamai sun yi tir da wannan tanadi, suna cewa rancen zai biya wa ɗalibi kuɗin makaranta ne, amma ba zai gina masa ɗakin gwaje-gwaje ba, ba kuma zai horar da malamin da zai koyar da shi ba.

Majalisa ta cire wa'adin. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta kafa harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 na ribar kamfanoni, ta ba TETFund rabinsa, NELFUND kashi 15 cikin 100, sauran kuma aka raba tsakanin hukumomin fasaha da na tsaro. Rabin kashi 4 shi ne kashi 2, wato adadin da aka fara da shi a 1993, lokacin da makarantun da ke jiran rabo ba su kai yawan na yanzu ba. Yawan kuɗin da zai riƙa isa asusun daga yanzu ya dogara ne ga ribar da kamfanoni suka bayyana da kuma abin da hukumar haraji ta iya karɓowa daga gare su.