Daga kyamara zuwa tukuba: me ya ciyar da 'yan wasanmu?

Yau samarinmu da dama na ɗaukar wasan barkwanci da waya, kowa na mafarkin Kano. In ka ce wa yaro ya koyi girki ko gashin nama, sai ya ce ka raina shi. To, mu waiwayi tarihi.

Oumarou Ganda ɗan dako ne a tashar jiragen ruwan Abijan, kamar dai yadda mazan Adar ke zuwa neman kuɗi, lokacin da Bafaranshe Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin "Moi, un Noir" na 1958. Ya dawo gida ya zama mai shirya fim, a 1972 "Le Wazzou polygame" nashi ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, shi ne ma farkon wanda ya ɗauke ta. Lokacin Nijar na sahun gaba a sinimar Afirka.

Amma ku dubi Zalika Souley, wadda ta fito a wannan fim ɗin. Ta fara a 1966 cikin "Le Retour d'un aventurier" na Moustapha Alassane. Da yake sau da yawa muguwar mace take fitowa, mutane suka kasa raba wasa da gaskiya, ta sha zagi a titin Yamai. Da sinimar ƙasa ta durƙushe, suna ya rage, kuɗi babu. Fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kanta, "Al'lèèssi", ya nuna ta cikin ƙunci, daga baya har aikatau ta je yi ƙasar waje. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. Wallahi duk yarinyar da ke son fim ya kamata ta san wannan labari.

Waɗanda suka tsira, sana'a ta biyu ce ta riƙe su. Yazi Dogo, da ya sa mu dariya a rediyo da tele tun zamanin samariya, malamin lakwal ne. Damouré Zika ma'aikacin lafiya ne. Shi kuwa Moustapha Alassane, nan Tawa ya zo ya zauna yana riƙe da otel, a cikinta yake ci gaba da aikin fim, har rasuwarsa a 2015. Kun ji fa, otel: ɗakin kwana da kula da baƙi.

Yanzu mu juyo kan tukunya. Kilishin Madawa ba sai an yi masa talla ba, matafiyi kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni ya san inda zai tsaya. A Abijan, abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi da ake kira "garba", sunan 'yan Nijar masu sayar da shi ya ɗauka. Ga masu gashin nama a unguwannin birnin. Gidan siminti nawa aka gina a ƙauyukan Buza da Keita da kuɗin wuta da hayaƙi? Buhun hatsi nawa aka saya da su a shekarar fari? Ku kuka sani, tunda gidajenku ne.

Bambancin a fili yake. Ɗan wasa sai an kira shi, kuma fim ɗin da ya fito yau, gobe yana yawo kyauta daga waya zuwa waya. Mai abinci kuwa kullum cinikinsa a hannu, ko da jika biyu ce.

Ba mu ce girki ba wahala ba. Tashin asuba, tsadar itace da mai, bashin da ba a biya. Akwai kuma tsohon rainin nan: a ce fawa ta 'yan gado ce, girki na mata ne. Abin dariya, rainin da ake wa mahauci shi ake wa ɗan wasa, dukansu sai an yi ta muhawara kafin a ba su aure.

A ganinmu, ƙungiyoyin wasa na garuruwanmu su daina ɓoye cewa wasu 'yan wasansu da rana a bakin tukuba ko teburin shayi suke. Ku rubuto mana: a garinku wane ne ya haɗa biyun, kuma wacce ce ke biyan kuɗin cefane?