Sarkinit: jan dutse mai ɗauke da manganis da arsenik, siffofinsa da yadda ake gane shi

Sarkinit wani ma'adini ne da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ya haɗa ƙarfen manganis da sinadarin arsenik mai guba. Da Faransanci ana rubuta shi sarkinite. Duk da cewa sunan na yi wa Bahaushe kama da kalmar "sarki", ba shi da wata alaƙa da sarauta. Daga kalmar Girkanci "sarkinos" aka samo shi, ma'ana abin da aka yi da tsoka, saboda launinsa ya yi kama da ɗanyen nama.

Tarihi da wuraren da ake samunsa

Masanin ma'adinai Anton Sjögren ne ya fara bayyana sarkinit a shekarar 1885, daga wata mahaƙa a yankin Pajsberg na lardin Värmland a ƙasar Suwidin. Daga baya an same shi a mahaƙar Långban da ke wannan lardi, wadda ta yi suna wajen ma'adinai masu wuyar samu kafin a rufe ta a 1972. Ana kuma samunsa a Sterling Hill a jihar New Jersey ta Amurka, inda aka daina haƙa a 1986, da Falotta a Suwizalan.

Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne taruwar manganis da arsenik wuri guda, a cikin duwatsun da zafi da matsin ƙarƙashin ƙasa suka sauya musu kama. Samun manganis kaɗai bai isa ba. Akwai manyan ma'adanan manganis a Moanda ta Gabon, da Nsuta ta Gana, da Tambao ta Burkina Faso, amma abin da ake nema a can baƙin dutse ne ko mai ruwan toka, ba sarkinit ba.

Abin da ya ƙunsa

Masana na rubuta shi da alamar Mn2(AsO4)(OH). Idan aka auna da nauyi, kimanin kashi 41 cikin 100 manganis ne, kashi 28 kuma arsenik, sauran iskar oksijin ce da ɗan haidurojin. Yana da ɗan'uwa mai suna evit, wanda Paul Moore ya bayyana a 1968 daga Långban. Sinadaransu iri ɗaya ne, tsarin ginin ciki ne ya bambanta, sai evit ya fito kore. An laƙaba masa sunan Hauwa'u, wato Eve, domin gininsa ɗaya ne da na wani ma'adini da ake kira adamit.

Siffofinsa

Launi: daga jan nama zuwa jan jini, wani lokaci ruwan hoda ko ruwan lemo.
Sheƙi: kamar an shafa masa mai, ba irin ƙyallin ƙarfe ba.
Tauri: 4 zuwa 5 a ma'aunin Mohs mai hawa 10. Farce, mai taurin 2.5, ba ya kartarsa, amma wuƙar ƙarfe, mai kimanin 5.5, tana kartarsa.
Nauyi: ya ninka na ruwa kusan sau 4.1, don haka yana da nauyi a hannu fiye da tsakuwa mai girmansa.
Zane: idan aka goga shi a ƙasan kofin tangaran, inda babu sheƙi, yana barin layi ja ko mai ruwan ɗorawa.
Asid: yana narkewa a cikin asid ko da an sirka shi da ruwa.

Yawanci ana samunsa a matsayin ƙananan ƙwayoyi ko siraran jijiyoyi a jikin wani dutse. Ba a narka shi don fitar da manganis, kuma laushinsa bai dace da zobe ko sarƙa ba. Darajarsa tana wajen gidajen tarihi, jami'o'i da masu tara duwatsu.

Jajayen duwatsun da ke kama da shi

Aƙiƙ, wanda ake yin duwatsun ado da shi, yana da taurin kusan 7 da nauyin 2.6 kacal, wuƙa ba ta kartarsa. Ganet ma ya fi ƙarfin wuƙa, kuma ba ya barin zane mai launi. Rodonit da rodokurosit, su ma ma'adinan manganis ne masu ruwan hoda, amma zanensu fari ne. Hematit na barin zane ja mai duhu, sai dai nauyinsa ya haura 5. Biyu ne suka fi haɗari: riyalga, haɗin arsenik da farar wuta, mai laushin da farce ke kartarsa, da sinaba, dutsen da ake samun zaiba daga gare shi, mai nauyin da ya kai 8.

Waɗannan gwaje-gwaje suna taimakawa wajen cire abin da ba shi ba ne. Tabbatarwa kuwa sai a ɗakin bincike mai na'urar hasken X, domin akwai ma'adinan manganis da arsenik da dama da ido ba ya rarrabe su. Hukumomin binciken ƙasa su ne wurin kai samfuri: GRAS a Sudan, CRGM a Nijar, NGSA a Najeriya.

Duwatsun Ƙala'at an-Nahal

Ƙala'at an-Nahal tana kudu maso yammacin birnin Gadarif a gabashin Sudan, jihar da Hausawa da yawa suka zauna tun zamanin tafiya hajji a ƙasa. Tsaunukan yankin ragowar tsohon ƙasan teku ne da motsin ƙasa ya tura kan tudu ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce. An san su da koren dutsen sapantin, da kuromit, da talik mai santsi kamar sabulu, da maginisit, da asbestos mai zare-zare, kamar dai tsaunukan Ingasana a jihar Bulu Nayil.

Manganis ɗin Falotta ma a kan irin wannan tsohon ƙasan teku ya kwanta, amma a cikin shimfiɗar da ke saman, ba a cikin sapantin ɗin kansa ba. Saboda haka jan dutse a tsakanin sapantin ya fi yiwuwa ya zama tsatsar ƙarfe ko wani nau'in aƙiƙ. Duk dillalin da ya kira dutse da suna mai tsada ba tare da takardar ɗakin bincike ba, maganarsa ce kawai.

Haɗari ga lafiya

Riƙe dunƙulen sarkinit a hannu ba shi ne babbar matsala ba. Ƙurarsa da hayaƙinsa ne. Tsohon gwajin gasa dutse don jin warin tafarnuwa, alamar arsenik, shaƙar guba ne kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar arsenik a ruwan sha a maikurogiram 10 a kowace lita, kuma shansa na tsawon shekaru na kawo tabo a fata da ciwon daji. Ƙurar manganis na taɓa ƙwaƙwalwa, ta jawo makyarkyata, ita kuwa ta asbestos huhu take lalatawa.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 darasi ne: daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje ya hallaka yara sama da 400. Arsenik shi ma yana yawan rakiyar zinariya, a cikin ma'adinin asenofirit. Don haka ƙa'ida ɗaya ce ga duk dutsen da ba a tantance ba: kada a lasa, kada a gasa, kada a daka shi a turmin gida, kada a wanke shi kusa da rijiya. A naɗe shi a leda, a rubuta inda aka tsince shi, a ajiye nesa da yara, a wanke hannu kafin cin abinci.