Ranaku Uku da Wuta ta Ɗauke a Niyu Yok

Duk wanda ya taɓa kwanan aiki a ɗakin kula da wutar lantarki, inda mutum yake zuba wa allura ido tun daga isha'i har ketowar alfijir, ya san cewa a sana'armu akwai ranaku uku na birnin Niyu Yok waɗanda ake bitar su ga ƙananan injiniyoyi kamar yadda malami yake warware mas'ala a zaure, domin kusan duk ƙa'idar da muke aiki da ita yau tana da asali a ɗayansu.

Ta farko ita ce 9 ga Nuwamba 1965, sa'ad da wata ƙaramar na'urar tsaro a tashar Sir Adam Beck ta ƙasar Kanada, wadda aka saita ƙasa da kima, ta yanke layi guda, nauyinsa ya koma kan sauran, su ma suka faɗi bi da bi, har mutum wajen miliyan 30 suka shiga duhu da magariba. Daren akwai farin wata, jama'a suka fito suna ba motoci hannu a mararraba, ba a kuwa ga ɓarna ba sai 'yar kaɗan. Sakamakon wannan ne kamfanonin wuta suka kafa majalisar NERC, mai kula da amincin wuta, a 1968.

Amma ranar da ta fi zama darasi, wadda har yanzu zuciyata takan yi nauyi in na tuna da ita, ita ce 13 ga Yuli 1977. Tsawa ta faɗa wa layukan da suke kawo wuta daga arewacin birnin wajen ƙarfe takwas da rabi na dare, ta kuma sake faɗawa, aka yi kusan sa'a guda al'amari yana taɓarɓarewa a gaban idon ma'aikatan kamfanin Con Edison, alhali maganin sananne ne, wato a yanke wa wasu unguwanni wuta da gangan domin a ceci sauran. Masu kula da wutar jihar sun yi ta buga waya suna neman a yi hakan, aka yi jinkiri, har babban injin nan na Queens da ake kira Big Allis ya tsaya, gari duka ya mutu. Malaman fiƙihu sun daɗe da hukunta cewa in cuta biyu suka haɗu a ɗauki mai sauƙin, sai dai hannun da zai jefa dubban gidaje cikin duhu bisa ijtihadin kansa yakan yi rawa, ni kuwa ban taɓa ganin baiken mai wannan rawar hannu ba, na fi ganin laifin tsarin da ya ɗora wa mutum guda irin wannan amana.

Birnin da duhun ya riska a lokacin yana cikin matsanancin talauci, baitulmalinsa ya kusa karyewa tun 1975, an sallami dubban 'yan sanda da ma'aikata, ga zafin bazara ya hana kowa zaman ɗaki. Kafin wuta ta dawo bayan sa'a 25, an wawashe shaguna fiye da 1,600, gobara ta tashi fiye da sau 1,000, an kama mutum sama da 3,700. A Bronx an kwashe sababbin motoci 50 daga wurin dillali guda, a Bushwick kuma titin Broadway ya ƙone har ya shekara da shekaru bai farfaɗo ba. Wasu abokan aiki sukan ce wasoso sha'anin 'yan sanda ne, ba namu ba. Ban yarda ba, domin masu ƙananan shagunan da suka tsiyace a daren nan ba su da wani mai gadi da ya wuce fitilar titi, mu ne kuwa muke riƙe da ita.

Ta uku, 14 ga Agusta 2003, ta samo asali ne daga jihar Ohio, inda layuka suka taɓa itatuwan da ba a sassare ba, ƙararrawar kwamfuta kuma ta ƙi bugawa, mutum wajen miliyan 50 suka rasa wuta. Da yake da la'asar abin ya auku, hukuma ta sami sararin baza 'yan sanda kafin duhu, dubban mutane suka ƙetare gadar Brooklyn da ƙafa zuwa gidajensu lami lafiya. A 2005 majalisar dokokin Amurka ta mayar da ƙa'idojin amincin wuta, waɗanda a da kowane kamfani yake bi in ya ga dama, suka zama wajibi, tare da tara ga wanda ya saɓa.