Zinariya Rana Ce, Dalma Fa?

Ya kai mai karatu, masu alkimiyya na dauri sun raba ƙarafa bakwai ga taurari bakwai. Zinariya rana ce, alamarta da'ira da ɗigo a tsaka. Azurfa jinjirin wata, jan ƙarfe Zahra, dalma kuwa Zuhalu, tauraron nahisa. Da zanen nan suke ɓoye sirrinsu.

A 1813 Berzelius, mutumin Suwidin, ya kawo haruffa, dalma ta koma Pb. To, alama ce ta sauya, hali yana nan. A 2010, nan maƙwabtanmu Zamfara, ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Rana iyayen suka fita nema, Zuhalu suka kwaso zuwa gida. Allah Ya kiyaye gaba.